Malam Gide, shugaban 'yan ƙwadagon da ke noma a baya

Da damina, in an sallame sallar asuba a Daudawa, Malam Gide yakan tsaya bakin masallaci da fartanya a kafaɗa yana duban mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da wani abu ke nan yana jagorar 'yan ƙwadago zuwa gonakin mutane. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ya ajiye. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don in an bar shi ba zai taɓa ba da labarin kansa ba.

Wanda ya san ƙwadago ya san yadda ake yi. A jera a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, a duƙa. Wanda aka bari baya shi ne abin dariyar ranar, gobe kuma mai gona ya ce kada a zo masa da shi. Balle a shekarun nan da kowa ke son a gama da wuri a koma gida. Ta wannan ƙofar ƙwayar taramol ta shigo mana.

Mu da ke zaune a inuwa muna cewa 'yan shaye-shaye, zato muke zauna-gari-banza ne. Waɗanda suka bi ta hannun Malam Gide bayan an sallamo su daga asibiti yawancinsu magidanta ne masu iyali. Wani karaya ya yi, allurar kashe zafi ta kama shi. Wani ɗan Mabai fataucin shanu ya kai shi kudu, ya dawo da hodar iblis, ba shanu ba jari. Sauran kuwa noma ne ya kai su, ba ƙiwuya ba. Suna dawowa jiki sanyi ƙalau, ga ciwon gaɓoɓi, ga saurin fushi, kuma babu mai son ɗaukarsu aiki.

Malam Gide ba likita ba ne, kuma da bakinsa yake faɗa. Ranar komawa asibiti in ta zo, korar mutum yake yi daga gona ya tafi a duba shi. Nasa maganin guda ne: ya tsaya kusa da wanda ya dawo, ya rage hannu, ya zama shi ne na ƙarshe. Wa ya isa ya yi dariyar na baya alhali shugaba ne a can?

Ban ɓoye ba, ni ma na yi masa tsiya. Shekara uku da suka wuce ya zo mini maimai da Rabo a cikin mutanensa. Rabon da a da yake tashin gona kamar injin, ga shi yana noma yana hamma, zufa na zuba. Matarsa Bilki ta kwashe yara ta koma gidansu a Ruwan Godiya, mahaifinta Alhaji Audi ya rantse ba za ta dawo ba sai Rabo ya yi damina guda ba ƙwaya. Ni kuwa masarata kawai nake gani. Na ce wa Malam Gide tsufa ya zo, har masu jinya suna wuce shi. Ya yi murmushi ya ci gaba da nomansa. Sai daga baya na gane, kuma har yau ina jin nauyin maganar nan.

Yahya, da ke cikin ayarin, ya ba ni labarin ranar da Rabo ya jefar da fartanya tsakiyar gona ya ce shi ya gaji, a bar shi ya je ya dawo. Kowa ya san neman ƙwaya za shi. Malam Gide bai yi masa wa'azi ba. Ajiye tasa fartanyar ya yi ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce shi ma bayansa ya riƙe, su huta tare. Sun fi awa guda a zaune kafin Rabo ya miƙe da kansa.

Malam Gide, kai ne ka yarda aka kira ka rago a garin da aka san ƙarfinka. Bijimin gona, ba ka taɓa neman a gode maka ba.

Da kakar shekarar ta yi, Alhaji Audi ya zo Daudawa da ƙafarsa. Bai nemi Rabo ba, Malam Gide ya nema, ya tambaye shi ko yaron ya koma noma kamar da.

"A'a, Alhaji," in ji Malam Gide. "Da noman mutum ukku shika yi, ba ko ɗaya nashi. Yanzu na mutum guda shika yi, amma wanga nashi ne."

Kafin a gama sussukar dawa Bilki ta dawo ɗakinta. Damina uku ke nan Rabo bai koma wa ƙwaya ba, bana ma an yi musu haihuwa.

Mun gode, Malam Gide. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma masu gonaki daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, in mutum ya zo muku da katin asibiti a aljihu yana neman aiki, ku ba shi kunyar noma guda, kada ku tsaya masa a ka kuna duban rana.