Maɓallin da Ya San Hannun Baba

Babana tela ne a Fagge, kuma tsufa ya sa hannunsa rawa. Abin mamaki, in ya hau keke ɗinkinsa ba ya karkacewa. Waya ce ta tona masa asiri, kuma da manhajar da ni 'yarsa na taya ginawa.

A wani ɗan ofis a Sabon Gari nake aiki lokacin. Mun yi wa teloli manhajar da za su danna maɓalli ɗaya, saƙo ya tafi wa mai kaya cewa ɗinkinsa ya kammala. Ogana yana alfahari da tsarin: maɓallin sau ɗaya ake rubuta shi, ya fito a kwamfuta, ya fito a babbar waya, ya fito a ƙarama. Dokarsa ita ce maɓalli ba ruwansa da na'urar da yake kanta. Duk dannawa a miƙa ta ga babbar kwamfutarmu yadda ta zo.

To, Baba in ya danna sau ɗaya, yatsansa sau uku yake sauka. Saƙo uku ke tafiya. Wani Alhaji ya zo shago yana dariya, ya ce, "Malam, ai na ji tun na farko, ko korata ake yi?" Ranar Baba ya jefa wayar a aljihun keke. Ya ce mini, "Na tsufa. Gara in bar wa yara shagon." Wallahi raina ya ɓaci.

Washegari na ƙara wa manhajar 'yan layukan umarni da ke aiki a cikin wayar kanta. Ta karɓi dannawar farko, ta nuna "An aika", ta yi biris da na bayanta na ɗan lokaci.

Oga ya gani, ya kira ni. "Malama, kin ɓata mana tsari. Yau kin sa maɓalli ya san waya, gobe kowace na'ura sai mun yi mata nata. Ki cire."

Na ce, "Oga, maganarka gaskiya ce, shi ya sa na ware su gefe guda, ba su taɓa sauran ba. Amma kai ka taɓa ganin maɓalli ya danna kansa? Mutum ne ke dannawa, kuma mutum yana da hannu."

Ya ce ko in cire ko in nemi wani wurin. Na ce ba zan cire ba, in ya ga dama ya cire da hannunsa mai lafiya. Na ɗauki jakata. Haba! Kwana biyu ina gida ina cika ina batsewa kafin ya kira ya ce in dawo, ya bar layukan.

Na je shago na zaro wayar, na ce Baba ya ƙara gwadawa. Ya danna. Ina kallo yatsan ya sauka sau uku. Saƙo ɗaya ya tafi.

Ya juya hannunsa yana dubawa, ya ce, "Ikon Allah! Kin ga ya daina rawa."

Na ce, "Na gani, Baba."