Kicin ɗin da na tsara ban gani ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da kayan kicin a kasuwar Sabon Gari kafin auren 'yata ta fari. Da tire ɗaya na cokula na fara, har na kai ga shago mai ƙofa biyu. Matan malaman jami'a kan ɗauke ni a mota zuwa Samaru in tsaya a tsakiyar kicin in ce kabad nan, gas can, su ce to. Amma da aka zo kan 'yar cikina, sai al'ada ta tuna da ni. Uwa ba ta zuwa ganin ɗakin 'yarta, balle ta fari. Ni da na san tsawon bangon rabin gidajen Samaru, aka ce in zauna a gida in ji kunya.

Waɗanda aka tura ganin ɗaki su ne yayar mijina, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, da ƙanwata. Angon ƙaramin malami ne a jami'a, ya kama haya a wani gida mai sashe biyu. Na ba su tef ɗin awo, na nuna musu yadda ake ja. Da yamma suka dawo da shi a naɗe yadda na ba su.

"Mun auna da gyale," in ji Gwaggo. "Bangon gyale uku ne da ɗan kai."

"Wane gyalen, Gwaggo?"

Ta miƙo min. Irin mai santsin nan ne da in ka ja shi yake bin ka har inda ka gaji.

"Tun kafin a haife ki muke jere da gyale, ba a taɓa mayar mana da kaya ba."

Na tambayi launin bango. Gwaggo ta ce ruwan ƙwai, ƙanwata ta ce ruwan madara. Na tambayi inda taga take, suka haɗa baki suka ce akwai taga. Famfo fa? Gwaggo ta ce ba ta lura ba, amma falon yana da girma, ma sha Allah.

Saura sati uku jere. Kafintan da nake aiki da shi, wani Inyamuri a bayan layinmu, ya riƙe gyalen da yatsa biyu.

"Hajiya, in na yi kabad da wannan, ranar jere za ki aiko a kira ni da zarto. Mutane za su ce aikina ne."

Gaskiyarsa. Kuma ba sunansa kaɗai ba. Kabad da aka yanke a gaban dangin ango, a gidan 'yar mai sayar da kayan kicin, labari ne da zai riga ni isa kasuwa.

Sai na tambayi ƙanwata wa ke ɗaya sashen gidan. Ta ce wata Bayarabiya ce, nas a Shika. Da ta kwatanta ta, na gane ta: ta taɓa sayen kuloli a wurina. Washegari na ɗauki sabon setin tukwane na hau bas zuwa Samaru. Babu al'adar da ta hana 'yar kasuwa kai wa kwastoma kaya.

Madam ta bar ni na auna kicin ɗinta bango bango, tana tsaye tana dariya.

"Hajiya, ga ƙofarsu can, taku biyar. Makulli ma yana wurina."

"Madam, ni wurinki na zo."

"To ki sani nasu a juye yake. Bangon famfona shi ne bangon famfonsu. Abin da ke hannun damana, yana hagunsu."

Wannan maganar ta fi setin tukwanen daraja, don haka na bar mata su. Na manna takardar da na zana kicin ɗinta a gilashin taga, na bi zanen ta baya da biro, na kai wa kafinta.

Saura launi. Gwaggo ta kafe a kan farar fomeka da farin labule, wai haka ta gani a gidan wani farfesa. Na ce matar farfesa ba ta suya da manja, kuma ba ta kunna risho in gas ya yanke. Na zaɓi ruwan ƙasa mai duhu, da ledar ƙasa ruwan toka, labule kuwa na ce ba za a rataya shi kusa da wuta ba ko da farfesan ne zai zo da kansa.

Labari bai ɓuya ba, Samaru ce. Gwaggo ta tare ni.

"An ce an gan ki a gidan yarinya."

"Gidan maƙwabciyarta, Gwaggo. Ciniki na je."

"Ciniki da tef?"

"Tukwanen na auna mata."

Ta dube ni, na dube ta, ta ja carbinta.

Ranar jere ina gida ina yanka albasa. Da la'asar ƙanwata ta kira ni a waya ta ce kabad ya zauna, tsakaninsa da bango ko yatsa ba ya shiga, ƙofa tana buɗewa har ƙarshe. A bayanta ina jin Gwaggo tana yi wa dangin ango bayanin yadda ta yi awo.

Sai da yarinyar ta haihu na taka gidan. Na gaida mai jego, na ɗauki jariri, na ce zan sha ruwa. Kicin ɗin yana nan yadda na zana shi. Na buɗe kabad na ƙasa, wanda na ware wa manyan tukwane, na tarar da takardun jarrabawar ɗalibai a ɗaure damin-damin.

"Umma, maigidan ya ce duk gidan, nan ne kaɗai ɓera ba ya shiga," in ji 'yata daga bakin ƙofa.

Tukwanen suna ƙarƙashin gado. Na rufe kabad ɗin, na sha ruwana.