Tasalla da Karen da Ta Raina don Sanda

A shekarun da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Ƙarfi, akwai wata mata mai kiwon awaki a bakin gari, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata kare guda mai gadin garke. Ko arba'in ba a yi ba Sanda maharbi ya zo ya kwance shi.

"Mace me za ta yi da kare?" in ji shi.

Ya tafi da shi farauta, gadu, wato aladen daji, ya farke wa karen ciki ya mutu. Ko haƙuri Sanda bai zo ya ba ta ba. A daminar nan kura ta ci mata awaki biyar.

Tasalla ba ta kai ƙara ba. Ta taka har Tsiga ta samo ɗan kwikwiyo wurin makiyaya, ta sa masa suna Sai-wata-rana. Ta ɗaure shi da doguwar igiyar rama. In ta buga ƙwarya da ludayi sau uku ya zo, sai ta ba shi ƙanzo. Kullum tana ƙara wa igiyar tsawo. Ranar da ta fara sakinsa ya bi zabi, bai dawo ba sai la'asar. Ranta ya ɓaci, amma ba ta doke shi ba, ta ba shi ƙashi. Da kaka ta yi, ko nama yake ci ya ji ƙwarya, sai ya bari ya sheƙo.

Sanda ya ga kare ya yi kyau, ya sake zuwa.

"Ɗauka, Malam Sanda," in ji ta. "Ai ku ne masu dawa."

Ranar babbar farauta, Sanda ya cika baki gaban maharban Dayi cewa karensa ne zai fara kamu. Aka tayar da gada a fadama, ya saki Sai-wata-rana. Saura ƙiris ya cafke ta, sai aka ji ƙwarya daga kan tudu. Kare ya yi turus, ya juya da gudu wurin Tasalla. Mutanen Dayi suka kama gadar, suna ta shewa.

"Karen wa ka ce, Sanda?"

Sau biyu yana komawa ya ja karen, sau biyu tana kiran abinta a gaban jama'a. Daga nan ya daina fita farautar gayya. Tasalla kuwa har ta tsufa, in sun haɗu a hanyar rijiya, ba ta amsa gaisuwarsa.