Katunan Tsohon Akawunmu

Jiya a asibitinmu na Warra muka fara saka tsofaffin katunan marasa lafiya a manhajar da ke karanta rubutun hannu ta shigar da shi kwamfuta. Yawancinsu sai mun gyara mata. Amma da muka iso waɗanda tsohon akawunmu ya rubuta, ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Shuɗin bironsa ya koɗe, rubutun kuwa raɗau.

Na tuna ranar da wata tsohuwa Bakambara ta tsallako tafki a kwalekwale, bakin zaninta jiƙe. Sunanta ya yi mini wuyar faɗa, ga layi har waje. Na ce wa akawun, "Baba, rubuta Hauwa kawai mana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, in 'ya'yanta suka kawo ta a sume suka faɗi sunanta, ina za ki samo katin?" Sai ya juya gare ta. "Inna, sake faɗa mini a hankali."

Sau uku tana faɗa yana maimaitawa, har ta yi dariya ta gyaɗa kai. Sannan ya rubuta.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baba. Ranar da za a kira sunaye, Allah ya sa a kira naka cikin masu rahama.