Kawu Burushi da Fuskar Katangar Tasha

Kawuna mai fenti ne, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabansa. Mai fenti, in ji shi, shi ne wanda ke shafe ɗaki da fari ya kama gabansa. Shi mai zane ne. 'Yan layinmu dai Burushi suke ce masa, saboda kullum akwai ɗaya maƙale a bayan kunnensa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shagon ɗinkina na kallon nasa, shekara goma sha biyar ke nan ina shaƙar warin kananzir ɗin da yake wanke kayan aikinsa da shi.

Duk wani allo da ke layin nan aikin hannunsa ne, tun daga kawunan da ke ƙofar mai aski har takalmin da ke ƙofar mai gyaran takalmi. Sai dai abu ɗaya na cinsa a rai: aikinsa ba ya daɗewa. Shago ya canja hannu, a shafe allon. Ya zana ɗan takara, bayan wata guda a liƙa masa tallan maganin basir a goshi. Shekara arba'in yana zane, ba shi da aiki ɗaya da zai kama hannun jikansa ya je ya nuna masa. Ga hannu ya fara rawa, likita kuma ya ce ya rabu da hawa tsani.

Ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasa manyan layinmu suka zo masa da magana. Suna so ya zana wanda ya ci a katangar tashar mota, babbar katangar nan mai kallon titi. 'Yan takarar da ake ji da su biyu ne, mu a layi Mai Tabarau da Mai Wushirya muke ce musu. Mai Nama shi ne gaba-gaba a wajen Mai Tabarau, Mai Faci kuwa in ka taɓa Mai Wushirya ka taɓa idonsa. Ban taɓa ganin sun yarda da juna a kan komai ba sai ran nan, don kowanne ya tabbata nasa ne zai hau katangar.

Kawu ya yi wa Iya, matarsa, alkawari wannan ne hawansa na ƙarshe. Ya kafa tsani ya soma. Shi a aikinsa fuska ce ƙarshe, saboda haka ya zana mutum tsaye cikin farar riga, hannu ɗaya a sama. Ɗaya ɗan takarar ƙato ne, ɗayan siriri, sai Kawu ya yi jikin tsaka-tsaki. Wurin fuska ya bar shi fili.

Aka yi zaɓe lafiya, muka dawo da tawada a babban yatsa, sai ƙirga ta ƙi ƙarewa. Ranar farko Mai Wushirya ne a gaba, Mai Faci ya hau babur ya yi ta zagaya layi yana danna hon kamar ya kawo amarya. Rana ta biyu lissafi ya juya, duk wanda ya je wurin Mai Nama sai ya ga an ƙara masa tsoka ba tare da ya roƙa ba. Rana ta uku kowa ya yi laushi. Matan da suka zo karɓar ɗinki suka ɗauke min allin awo suna tara ƙuri'u a kan teburina, wata tana cewa saura jiha kaza, wata tana cewa ai can nasu ne. Maza kuwa gaban hoton suka koma suna musu.

"Dubi kafaɗar nan, wallahi ta namu ce."

"Kai tafi can, naku yana da wuya haka?"

Rana ta huɗu da hantsi aka faɗi sakamako. Mai Tabarau ya ci. A cikin miliyoyin ƙuri'un da aka jefa, ratar ba ta kai mutanen da ke cika filin ƙwallo ba. Layi ya kaure. Direbobi suka kwanta a kan hon, mata suka fito da murafen tukwane, Mai Nama ya taka rawa da ƙaton tumbinsa har sai da na ji tsoron kada ya faɗa kwata. Ni ma na ɗan taka, ban ɓoye ba.

Da yamma ta yi sai ga Mai Faci. Ya ɗauko galan na baƙin mai ya dire a gindin katangar.

"Ku ji da kyau," ya ce. "Rabin ƙasar nan ba mu zaɓe shi ba. Ƙuri'armu ba ƙasa muka zubar ba. Duk ranar da fuskarsa ta hau nan, ran nan za ta sha wannan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsoho ya kwana goma a kan tsani da hannu mai rawa, wani zai zo ya wanke masa aiki da man inji? Na tsallaka shagon Kawu zan zuga shi. Na same shi riƙe da jarida, ya dubi hoton Mai Tabarau, ya dubi tsallaken titi, ya sake duban jaridar, yana wani murmushi.

Kawu ba ya zana fuska daga takarda. Ya ce takarda ba ta da ƙeya, ba ta nuna yadda haske ke sauka a kan kumatu. Sai ya nemo mutum mai irin kan, ya zaunar da shi a gabansa, sannan ya gyara sauran daga hoto. Tun da aka faɗi sakamako Mai Nama ya kawo kansa, Kawu ya juya shi hagu da dama ya ce, "Yi haƙuri, kanka ya yi faɗi."

Kawu ya miƙe, na bi shi. Har gaban Mai Faci, wanda ke zaune a kan tsohuwar taya ya haɗa rai.

"Ɗana, ɗago in gani."

"Baba, in maganar galan ce, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba."

"Ba ita ba ce. Juya gefe. Yauwa. Kaf layin nan ba mai goshin mutumin nan da haɓarsa sai kai. Gobe da safe kai za ka zauna min."

Sai aka fashe da dariya. Mai Faci ya zabura kamar ya zauna a kan ƙusa.

"Ni? Ni nake kama da wannan mutumin? Baba, me na yi maka?"

Matarsa, da ke sayar da lemo a gefen rumfar facinsa, ta ce, "Ai na daɗe ina gaya masa. Ya ce in na sake faɗa sai dai in tafi gidanmu."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ba ruwana da wanda ka zaɓa, goshi nake nema. Wannan ne hawana na ƙarshe, ɗana. In ka ƙi, haka zai zauna ba fuska, a ce aikin da Burushi ya ƙare da shi ke nan."

Mai Faci ya dubi hannun tsohon. Can ya ce, "Don kai, Baba. Ba don shi ba."

Washegari aka ajiye masa kujera a gindin katanga, na ara masa tabarau ɗina na zura zare. Kafin Kawu ya gama haɗa fenti layi ya cika, 'yan wannan ɓangare da 'yan wancan, har direbobi suka bar lodi. Da farko Mai Faci ya murtuke fuska, Kawu yana ta cewa ya saki ransa. Sai wani ya ɗaga murya daga baya:

"Ranka ya daɗe, Shugaba, yaushe za a gyara mana titi?"

Mai Faci ya gyara zaman tabarau ya ce, "An kafa kwamiti."

Shi ke nan, aka ɓarke. Wannan ta nemi ruwan famfo, wancan ya nemi a ba shi minista, shi kuwa yana ta rabon alkawari ba ko ƙifta ido. Da rana ta yi zafi, Mai Nama da kansa ya riƙe masa laima, yana cewa ai dole a kula da shugaban da aka sha wuya kafin a samu. Kwana biyu aka yi ana wannan. Ban taɓa yin dariyar da ta kai ta kwanakin nan ba, ɗinkin mutane kuwa ko allura ban sa masa ba.

Da Kawu ya sauko aka ja baya aka duba. Shugaban ƙasa ne, ba wanda zai yi musu. Amma kunnuwan na Mai Faci ne, haka ma ɗan tabon da ƙarfen taya ya bar masa a gira. Kawu ya ce rawar hannu ce ta jawo. Ni dai na san kawuna.

Mai Faci bai canja ra'ayi ba ko kaɗan. Kullum da safe sai ya zagi gwamnati, ya tuna wa kowa da ƙyar aka ci su, kuma yana yi ne yana kakkaɓe ƙurar hoton da tsumma ɗaure a sanda. Wani mai tallan magani ya taɓa zuwa da takarda da gam, Mai Faci ya kore shi har bakin titi yana cewa, "A goshin wa?"

Gab da saukar damina, wata safiya muka ji bugun guduma. Na kama hannun Kawu muka fito. Mai Faci ne a kan tsani, Mai Nama na miƙa masa kwanon rufi, suna yi wa hoton rumfa kada ruwa ya taɓa shi, suna musu a kan wanda ya karkatar da katako. Kawu ya tsaya cak. Na ga hawaye na bin kumatunsa, ni ma sai nawa suka zubo.

"'Yar nan," ya ce da ni, "aiko a kawo min jikokina. Duka. Ina so in nuna musu wani abu."