Nong Isyong, Shaiɗanin Idin Mika'ilu

A littafin baftisma na cocin Tagunas sunansa Melecio Pabatao, an rubuta shi ranar sha huɗu ga Fabrairu, 1949. Sai dai ba wanda ya taɓa kiransa da wannan suna in ba Fada, limamin cocin, ba, ranar ɗaurin aurensa. Sa'anninsa Isyong suke ce masa, na ƙasa da shi su ce Nong Isyong. A bayan idonsa kuwa kowa Shaiɗan yake ce masa. Ya sani sarai, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Sana'arsa tarar bammin kwakwa. Bishiya ashirin da bakwai yake hawa, safe da yamma, da wuƙa a ƙugu da bututun gora a kafaɗa. Gajere ne, siriri, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shinkafarsa da busasshen kifi a tsaye yake ci, a bakin ƙofa, yana kallon kan bishiyoyi.

A shekarar 1979 ƙyanda ta shigo garin. Ta kama 'yarsa Perpetua, tana da shekara huɗu. Kwana biyar yarinyar ba ta buɗe ido ba. Matarsa Consorcia ta ja shi coci, suka durƙusa gaban siffofin manyan mala'ikun nan uku: Jibra'ilu da farar fulawarsa a dama, Rafa'ilu da sanda da kifi a hagu, Mika'ilu a tsakiya da takobi, ya take Shaiɗan da ƙafa ɗaya. Mai jiran labari wajen Jibra'ilu yake kunna kyandir, matafiyi da majinyaci wajen Rafa'ilu. Consorcia ta nufi hagu. Isyong ya tsaya a tsakiya, don shi a ganinsa abin ya wuce ciwo, wani abu ne ya zo ɗaukar masa 'ya, sai mai takobi.

Mutane kan yi bakancen ɗaukar siffar a kafaɗa ranar idi, ko tafiya ba takalmi. Waɗannan duk suna da masu yi har sun yi yawa. Isyong ya dubi abin da ke kwance ƙarƙashin ƙafar Mika'ilu. A wasan da ake yi kowace shekara ranar ashirin da tara ga Satumba, sai an yi ta roƙo kafin a samu mai fitowa a Shaiɗan, wanda ya yi sau ɗaya kuma ba ya sake yarda. Sai ya ce wa Mika'ilu a ransa, "Ka roƙa mini Allah ya bar mini yarinyar nan. Ni zan kwanta ƙarƙashin ƙafarka kowace shekara."

Kwana biyu bayan haka Perpetua ta nemi ruwa.

Daga 1980 bai taɓa fashi ba. A filin gaban coci ake wasan, da la'asar, bayan an gama addu'ar Misa da jerin gwano. Shaiɗan kan fito da jajayen kaya da fuskar katako mai ƙaho, ya yi ta cika baki cewa zai zauna a kujerar Allah. Mika'ilu ya fito, su gwabza. Sau uku Shaiɗan ke faɗuwa: biyu a ƙasa, ta uku daga kan wani dandamalin gora mai tsayin ƙirjin mutum, zuwa kan tulin ƙaiƙayin shinkafa. Mai hawan kwakwa ya san yadda ake sakin jiki. Isyong kan wulwula a iska ya sauka da baya, har daga garuruwan maƙwabta ake zuwa kallon wannan faɗuwar. Tsofaffin mata sun ce in Shaiɗan ya faɗi da kyau, guguwar teku takan kauce wa garin a shekarar. Fada bayan Fada sun ce wannan ba koyarwar coci ba ce. Tsofaffin suka ce to, suka ci gaba da faɗa.

Tun 1988 Anatalio mai aski ne ke fitowa a Mika'ilu. Talyo ake ce masa, dogo ne mai tumbi. Shi ya riƙe Perpetua ranar baftismarta, shi ya sa shi da Isyong suke kiran juna kumpare.

Ranar shida ga Maris, 2012, reshen kwakwa ya ɓalle a hannun Isyong. Ya faɗo, ƙashin ƙugunsa na hagu ya karye. Aka sa masa ƙarfe a asibitin birni, inda Perpetua ke aikin jinya. Likita ya ce ba hawa, ba tsalle, ba gudu, har abada. Consorcia ta rasu shekara uku kafin nan, don haka Perpetua ta ɗauki hutu ta dawo gida da shi.

Ƙashi ya haɗe, amma mutumin bai zauna ba. Ya gyara shingen da bai lalace ba. Ya wasa wuƙarsa har ta kusa ƙarewa. Wani ne yanzu ke hawan bishiyoyinsa, shi kuwa ya tsaya a gindi da sandarsa yana ta gyara masa aiki, har mutumin ya roƙe shi ya riƙa zama a gida. Da Satumba ta kama, makaɗa suka fara gwajin ganguna a bayan coci, sai abin ya ƙaru. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Ranar da aka fara addu'ar kwana tara ta kafin idi, Perpetua ta zo daga birni ta tarar ya shanya jajayen kayan a igiya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Iska suke sha."

"Iska. To in sun gama sha a mai da su akwati."

"Ke 'yar nan, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Ni na riƙe ƙafarka ana ɗaura ƙarfen, Baba. Na ga ƙashin da idona. Kamar busasshen rake yake. Ka sake faɗowa a kai, ba likitan da zai iya haɗa shi." Ta sassauta murya. "Don ni ka yi bakancen, ko ba haka ba? Ga ni, shekarata talatin da bakwai, 'ya'yana biyu. Na yafe maka."

"Da ke na yi maganar?" in ji shi. "Ke kina kwance ido a rufe. Ba ki cikin masu yafewa."

Washegari ta kai shi wajen Fada Dionisio, wanda shekararsa biyu ke nan a garin. Fada ya saurare su da haƙuri, ya ce coci ba ta ɗora wa mutum abin da zai halaka shi, ana iya musanya bakance da wani aikin ibada. Ya ce ai mai fitowa a Jibra'ilu ya tafi aikin jirgin ruwa, gurbin yana nan.

"Tsayuwa kawai za ka yi da fulawa a hannu, Nong Isyong. Ka ga ka tashi daga Shaiɗan ka koma mala'ika. Wa ya taɓa samun irin wannan ƙarin girma?"

Isyong ya yi ta juya hularsa a hannu. "Fada, in ka ce ya halatta, na yarda ya halatta. Amma ni ba tsayuwa na ce zan yi ba. Kwanciya na ce. Mika'ilu ya cika nasa, bai rage komai ba. Ni kuma in zo masa da fulawa?"

"Mika'ilu ba ya riƙon mutum a zuci."

"Na sani, Fada. Ni ne ba zan iya wucewa ta gabansa ba."

Fada ya dubi Perpetua, ya buɗe tafukansa. Bai hana ba, bai kuma ce a yi ba.

Daga nan Isyong ya ɗingisa zuwa shagon aski. Talyo yana ganinsa ya ɗaga almakashi.

"Kai, fita! Ba na aske ƙaho."

"Da wannan tumbin za ka tashi sama bana? Fukafukan nan sai dai a ƙara musu biyu."

"Tumbina bai taɓa faɗowa daga kwakwa ba." Talyo ya sallami wanda yake yi wa aski, ya jawo kujera. "Zauna, kumpare."

"A tsaye ma ina ji."

"'Yar baftismata ta zo nan jiya, tana kuka. Ta ce in na ture ka daga dandamalin nan, kada in sake taka gidanta. Me kake so in yi?"

"Abin da ka yi sau ashirin da huɗu."

"A sauke dandamalin mana. Ka faɗi a ƙasa sau uku, a hankali, wa zai ƙirga?"

"Ni."

Talyo ya share fuska da tsumman aski. "Kai dai ba ka ji. To ka zo. Amma ka sani, ni ban yi wa kowa bakancen kashe ka ba."

Ranar idi ta zo da rana mai zafi. An gasa aladu tun safe, ƙamshi ya cika gari. Aka fito da siffofin uku, Mika'ilu a gaba, mata suna goga hankici a ƙafarsa suna shafawa a goshin 'ya'yansu. Isyong ya bi jerin gwanon da sandarsa har aka mai da su coci. Perpetua ta ɓoye fuskar katakon a gidan maƙwabta. Ya san gidan, ya je ya karɓo.

Ƙarfe huɗu aka buga ganga. Shaiɗan ya fito ba sanda, yana jan ƙafa, yara suka ɗauka sabon salo ne suka yi ta dariya. Faɗuwar farko Talyo ya taɓa shi da gefen takobi, ya durƙusa a gwiwar dama ya kwanta. Ta biyu ma haka. Ya daɗe kafin ya tashi, amma ya tashi. Sai ya kama tsanin gora, mataki shida, ya hau ɗaya bayan ɗaya. Talyo ya biyo shi da fukafukansa na gashin agwagwa, ya ɗaga takobin katako, ya yi kirarin da aka saba: "Wane ne kamar Allah?"

Jama'a suka amsa. Takobi bai sauko ba.

Makaɗa suka sake zagayowa. Talyo ya sake kirarin, hannu a sama. Filin ya fara yin tsit. Ba a taɓa ganin Shaiɗan a tsaye bayan kirari na biyu ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, ta fara salatin Maryamu da ƙarfi, wasu suka kama. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Mika'ilu, me kake jira? Sare shi!" Wani takalmin roba ya faɗo kan dandamali.

"Buga mana, mai tumbi," in ji Isyong daga cikin fuskar katako.

"Ba zan iya ba, kumpare. Kama hannuna, in saukar da kai ta tsani."

"Mika'ilu ya riƙo hannun Shaiɗan a gaban mutane? Ka haukace? Dubi tsofaffin can."

"Su duba. Perpetua ma tana duba."

Isyong ya juya kai. Tana nan gaba, kusa da tulin ƙaiƙayi, hannu biyu a baki. Ya dube ta, ya dubi ƙofar coci da ke buɗe. Sai ya kurma ihun da ya saba yi, ya kai wa Mika'ilu cafka kamar zai fizge masa fiffike. Talyo ya kare da garkuwa ba shiri. Isyong ya bugi garkuwar da ƙirji, ya saki jiki ta baya.

Bai wulwula ba. Ya sauka a gefen hagu, waɗanda ke kusa suka ji ƙarar. Na nesa ba su ji ba, suka ɓarke da sowa, ganguna suka tashi. Talyo ya sauko da gudu har fiffike ɗaya ya karye, ya durƙusa.

"Tashi tsaye," in ji Isyong, haƙora a cije. "Ɗora ƙafar. Ba a gama ba."

Talyo ya miƙe yana hawaye, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙirjin amininsa, da ƙyar ta taɓa rigar. Isyong ya bari aka ƙirga bugun ganga bakwai kamar kullum, sannan ya ce wa Perpetua ta zo.

A motar kifi aka kai shi birni. Duk tsawon hanyar Perpetua tana riƙe da ƙugun da hannu biyu kada ya motsa. Kwanansa arba'in da ɗaya a asibiti. Ƙashin bai sake haɗewa daidai ba, ƙafar hagu ta gajarce, bai ƙara taka ƙasa ba sai da sanduna biyu. Sai a mako na uku ta yi masa magana da ba ta magani ba. Ta tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta. Ya ce ya kwanta. Ta ce to nata bai kwanta ba, ta fita. Talyo ya ajiye takobi a shekarar, ya ce hannunsa ya daina ɗaguwa.

Yanzu wani mahauci ne mai suna Bonifacio ke fitowa a Shaiɗan, shi ma da nasa bakancen da bai gaya wa kowa ba. Nong Isyong yana gidan Perpetua a birni, amma kowace Satumba sai ta kawo shi Tagunas, in ba haka ba ba mai sakat a gidan. Akan ajiye masa kujera a gaba. Ba ya jingina. Yakan zauna a bakin kujerar, kafaɗunsa na motsi da kowace sara, in mahaucin ya faɗo ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, "Dubi wannan. Kamar an jefo buhun gawayi."