Alkukin da Ya Kalli Ƙudus

A Nakkasa, unguwarmu a Makka, can saman dutse, ɗakin kakata Hajiya Dije ne na ƙarshe. Bayan isha'i takan hura gawayi a bakin ƙofa ta ɗora shayi, mu jikoki mu zagaye ta. Ni take kira angonta, ango marar amfani wai, ko sukari bai taɓa kawowa ba. Tatsuniyoyi kam buhu-buhu gare ta, amma akwai labari guda da ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba.

Tana yarinya suka taso daga Kano a ƙafa, za su Makka. A wani gari na Sudan guzuri ya ƙare, ayarinsu ya sauka a wani tsohon gini da ba kowa. Akwai babban alkuki a bango, an yi masa ado, sai mutanenmu suka ɗauka mihrabi ne. Sun daɗe suna jera sahu suna kallonsa, har ranar da wani tsoho mai gyaran agogo ya leƙo. Bayahude ne, shi kaɗai ya rage a garin. Ya ce nan ɗakin ibadarsu ne, a alkukin suke ajiye Attaura, kuma Ƙudus yake kallo, ba Makka ba.

Ai kuwa sai wuri ya ruɗe. Wasu na cewa a rama salloli, wasu har sun kwaɓa laka za su toshe alkukin. Mahaifinta ya tsaya a gabansa. A nan Kaka takan ƙara wa muryarta kauri.

"Wurin da aka kira sunan Allah ba a toshe shi da laka. Mu nan baƙi ne."

Ya ja layi da gawayi a ƙasa, suka koma salla a karkace. Kafin damina yakan shafe bangon da farar ƙasa, ita kuma share alkukin ne aikinta duk Juma'a, har suka tashi. Daga nan sai ta dungure mini kai.

"Angona, in ka girma ka je ka dubo mini shi. Na san yana nan."

Ta rasu da wannan sanin nata. Ni kuwa takarduna ba su taɓa ba ni damar fita daga ƙasar in dawo ba.

Bara wani abokin aikina a wajen gini, ɗan wancan garin na Sudan ne, ya sa ƙaninsa ya ɗauko mana hoton titin da ginin yake da waya. Shagunan taya ne a jere. Ƙanin ya tambayi dattawan layin, suka ce su ba su taɓa jin an yi Yahudawa a wurin ba. Wallahi ranar na kasa cin abinci. Dā ina ɗauka labarin Kaka na cewa ne in ka riƙe wa wani wurinsa, za a riƙe maka naka. Yanzu ban ga alamar haka ba.

A lokacin an riga an rushe gefenmu na Nakkasa. Na ɗauki ɗana Faisal, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, muka hau in nuna masa inda na ji labarin. An baje dutsen, fili ne fetal.

"Fen, ya Baba?" Ina ne, yake tambaya.

Na juya dama, na juya hagu. Ko inda ƙofarta ta kalla na kasa ganewa. Na ce a hankali, "Ƙurunƙus." Ya tambaye ni da Larabci me kalmar ke nufi.